Abin Karantawa ga Mutanen Agye, Gazawa da Gidan Runji

Tun farkon shekarun 1960 da aka buɗe makarantun yaƙi da jahilci a ƙasar Maraɗi, manoma da ƴan kasuwa da matan aure masu yawa sun koyi haɗa baƙi da wasali, har suna rubuta wasiƙa da hannunsu. Sai dai wanda ya karɓi takardar shaidarsa yakan koma gida ya tarar ba shi da abin karantawa, in ban da ƴan ƙananan littattafai na zuba taki da lissafin awon gujiya da rigakafin yara. Waɗannan suna da amfani ƙwarai, amma magidancin da ya kai shekara 40 yana da tambayoyin da suka wuce taki. Yana son ya san abin da ya kawo fadar Sarkin Gobir Tsibiri alhali kangon Alƙalawa yana cikin Nijeriya, da dalilin da ya sa ake kiran kakanninsa Haɓe ko Azna, da inda coci ta samo asali a garin da kowa ya san na Musulmi ne. Shi ma ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai ko Tawa yakan share shekara uku yana sa hannu kan takardun rikicin gona, ba tare da ya san tarihin mutanen da ke zaune gabansa ba.

Rashin sanin nan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Oktoba 1991, lokacin da Babban Taron Ƙasa yake zaune a Yamai, an kashe Fulani makiyaya fiye da 100 a Toda, mafi yawansu mata da yara, kan rikicin da ya tashi tsakanin manoma da makiyaya. Daga shekarar 2019 kuma dubban mutane suka ƙetaro iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga, aka sauke da yawa daga cikinsu a gundumar Gidan Runji. A irin wannan hali maganar asali da ƙabila takan yi zafi a bakin kasuwa, kowa yana jawo tarihi ya kafa hujja da shi, galibi tarihin da ya ji rabinsa. Littattafan da za a ambata a nan ba su gyara abin da ya ɓaci, amma wanda ya karanta su da wuya a ruɗe shi da rabin labari.

Sakkwato da Gobir

Wurin farawa shi ne jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin daga nan ne taswirar wannan yanki ta fito. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, wadda take cikin ƙasar Nijar ta yau. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka ci Alƙalawa a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Sarakunan Katsina da aka kora suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka faɗi. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da abokan ƙawancensa.

Littafin da ya fi kowane ba da labarin farkon al'amarin shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta da Larabci a 1812, an kuma fassara shi da Hausa a Sakkwato. Dole mai karatu ya riƙa tuna cewa marubucin shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, saboda haka ba a tsammanin ya yabi Yunfa. Amma Bello malami ne mai adalcin alƙalami fiye da yawancin masu nasara, gama ya kwafe wasiƙun Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Barno a cikin littafinsa, ya bar su yadda suke. A cikinsu Al-Kanemi yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, yana cewa saɓo daban ne, kafirci daban. Bello ya ba da amsa mai tsawo, yana kafa hujja da tsafi da taimakon maƙiya a kan Musulmi. Wannan muhawara ta malamai biyu, wadda ta haura shekara 200, ita ce har yanzu ake maimaitawa duk lokacin da wani ya tashi kafirta maƙwabcinsa, sai dai masu yin ta a yau ba kasafai suke da ilimin mutanen biyu ba, balle ladabinsu. Wanda ya iya Larabci ya haɗa da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ƙanen Shehu da kansa ya koka da yadda son mulki da dukiya suka shiga zukatan wasu mayaƙan tun ba a je ko'ina ba.

Ɓangaren Gobir da Katsinan Maraɗi bai sami alƙalami irin wannan ba. Tarihinsu ya zauna a bakin makaɗa da dattawan fada. Na farko da ya rubuta shi da yawa shi ne Landeroin, tafintan ayarin Kyaftin Tilho da ya shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1908. Ya zauna da dattawa ya ɗauki jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe, aka buga a kundi na biyu na takardun ayarin a 1911. Bayan ƴancin kai Bubu Hama, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har 1974, ya fitar da Histoire du Gobir et de Sokoto a 1967. Littafi ne mai tarkace, yana tara ruwayoyi ba ya tacewa, wani lokaci ya faɗi abu a nan ya kawo kishiyarsa a gaba. Duk da haka a cikinsa Bagobiri zai ji muryar kakanninsa. A waɗannan shekaru kuma Philippe David ya rubuta tarihin tsohuwar Maraɗi, ya tattara labarin Ƙaura Hasau, jarumin ƙarshen ƙarni na 19, aka buga su cikin jerin Études nigériennes.

Wanda ya karanta ɓangarorin biyu sai ya nemi mai raba gardama, kuma babu kamar Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, malamin jami'ar Zariya da ya rasu a 2005. A littafinsa The Transformation of Katsina na 1981 ya rushe ra'ayin da Turawa suka shuka, cewa wai jihadi yaƙi ne na ƙabilar Fulani da ƙabilar Haɓe. Ya nuna akwai Hausawa cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulani da ba su bi shi ba, kuma abin da ya raba mutane shi ne haraji da zalunci da ilimi da neman mulki. Wannan littafi ya kamata ya kasance a teburin duk wanda aka ɗora wa sasanta manomi da makiyayi.

Baƙon da ya kwana a Gazawa

Mutanen Gazawa suna da abin alfahari da ƙalilan ne suka sani. A watan Janairu 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya taso daga Tasawa ya sauka garinsu a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya bayyana Gazawa a matsayin gari mai shinge na itace mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, sansanin kudu na ƙawancen Maraɗi da Gobir. Daga nan ayarinsu ya ratsa dajin da babu kowa, suka wuce kangon Dankama, kafin su ga ganuwar Katsina. Dajin nan yaƙi ne ya haife shi, domin ba wanda ke iya noma tsakanin abokan gaba biyu. Wanda ya san yadda gonaki suka haɗe a yau daga Gazawa har iyaka, ba wurin da akuya za ta miƙe ƙafa, zai gane cewa cunkoson da ke haddasa rikicin burtali sabon abu ne a ma'aunin tarihi. An buga tafiye-tafiyen Barth kundi biyar a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi. Yana jin Hausa, yana girmama malaman da ya sadu da su, amma idon zamaninsa gare shi: yana auna mutane da hasken fata da siffar hanci, kuma Bala Usman ya yi masa gyara a wurare da dama.

Tare da Barth akwai wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, da aka kama bawa aka sayar, abokin tafiyar Barth ya ƴanta shi. Ya je Ingila da Jamus, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa ga wani ɗan mishan mai suna Schön, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ga abin da ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya karantawa ba tafinta, in an sabunta masa rubutun. Bahaushe ne yake kallon Turawa yana mamakin cin abincinsu da sanyin ƙasarsu, kamar yadda su suka saba kallon mutanen nan.

Launin fata, asali da bauta

Maganar launin fata ana ɗaukarta ta Amurka ce ko ta Afirka ta Kudu, alhali ta daɗe a Sudan. A 1615 wasu mutanen Tuwat, a hamadar Aljeriya ta yau, suka aiko wa Ahmad Baba na Tumbutu tambaya kan bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙar fata. Malamin ya san ɗacin kamu, gama sojojin Maroko sun tafi da shi Marrakesh a ɗaure bayan sun ci Songai. Amsarsa ita ce littafin Mi'irajus Su'udi. Ya ce launi ba ya halatta bautar da mutum, ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa an la'anci zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu da baƙi da bauta, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songai cikin Musulmin da ba ya halatta a mallake su. Gaskiya ne bai hana bauta ɗungum ba, ya bar ƙofarta a buɗe ga wanda aka kama a yaƙi yana kafiri, kuma ta wannan ƙofa aka shigar da bayin Allah ba adadi. Amma abin lura shi ne, kusan shekara 190 kafin jihadi, babban malamin Sudan ya shaidi Gobirawa da Katsinawa da Musulunci. John Hunwick da Fatima Harrak sun buga matanin Larabci da fassara a Rabat a 2000. Bruce Hall kuma, a littafinsa na 2011 kan tarihin launin fata a ƙasashen Musulmi na Afirka ta Yamma, ya bi sawun yadda kalmomin fari da baƙi suka zama maganar nasaba da daraja, ba ta fata kaɗai ba, da yadda Faransawa suka tarar da wannan rabo suka ƙara masa gishiri don sauƙin mulki.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Kusan kowace masarauta tana neman asalinta a gabas. Daura da Bayajida na Bagadaza, Barno da Yaman, Gobirawa kuma da Ƙibɗawan Masar, kamar yadda Bello da kansa ya ruwaito, Bubu Hama ya maimaita. Turawan mulki irin su Palmer sun yi murna da waɗannan ruwayoyi, domin sun dace da ra'ayinsu cewa baƙar fata ba ya kafa daula sai wani mai haske ya zo ya koya masa. Ruwayar asali tana da darajarta, tana nuna abin da mutane suke so a san su da shi, amma ba takardar haihuwa ba ce. Littafin Cheikh Anta Diop na 1954, Nations nègres et culture, ya juya maganar ta wani gefe, ya ce ai Masar ɗin ma ta baƙar fata ce. Masana ba su yarda da duk hujjojinsa ba, amma shi ne ya koya wa ƴan lakol na zamaninsa ɗaga kai.

Game da bauta, mai Hausa zalla yana da littattafai biyu masu kyau. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka buga a 1934, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ita ma. Gajere ne, Hausarsa mai sauƙi, ana iya gama shi a dare uku a ajin manya. Na biyu labarin Baba ta Karo ne, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta, aka buga da Ingilishi a 1954, daga baya aka fitar da shi da Hausar da ta faɗe shi. Tana ba da labarin rinji da harin masu kamun bayi da fansar dangi kamar mai ba da labarin damina. Ma'aikaci kuwa ya nemi binciken da Galy Kadir Abdelkader ya jagoranta wa ƙungiyar Timidria kan bauta a Nijar, wanda ya fito a 2004, shekara guda bayan dokar 2003 da ta mai da bautar da mutum babban laifi. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10 saboda an kasa kare ta. Al'amarin bai tsufa ba, kuma kalmar ɗan bawa tana hana aure har gobe.

Masallaci, coci da gidan Inna

Faransawa biyu sun yi shekaru a kwarin Gulbin Maraɗi suna nazarin addinin gargajiya. Guy Nicolas ya fitar da babban littafinsa a 1975, Dynamique sociale et appréhension du monde au sein d'une société hausa, inda ya bayyana rayuwar Anna, da gadon kowane dangi na noma ko farauta ko ƙira, da buɗin daji, da bikin dubu da ke mai da manomi sarkin noma. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta kan bori a 1972. Littattafai ne masu nauyi, Faransancinsu na jami'a, kuma yawancin abin da suka gani ya shuɗe. Amfaninsu shi ne suna bayyana abin da baƙo ba ya ganewa a Tsibiri, watau matsayin Inna a fadar Gobir da na Iya a Maraɗi, da yadda sarauta ta riƙe malamai da hannu ɗaya, ta riƙe masu gargajiya da ɗayan, har tsawon ƙarnuka. Wanda yake son tarihin Musulunci a ƙasar baki ɗaya, tun shigowarsa har zuwan Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta bi hanyar kasuwanci ta iso Maraɗi, sai ya nemi kundi biyu na Maikorema Zakari, L'islam dans l'espace nigérien, na 2009, da L'Islam au Soudan central na Djibo Hamani, na 2007.

Littafin da ya fi shafar gundumar Gidan Runji kai tsaye wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi, Barbara Cooper, a 2006, mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, daga baya suka gina asibitin Galmi da na kutare a Danja. Cooper ba ta yi musu kara ba. Ta nuna yadda suka zo da ra'ayin fifikon farar fata irin na ƙasarsu, suka daɗe suna ƙin ba yaran da suka bi su ilimin lakol mai zurfi don tsoron kada duniya ta ɗauke su, da yadda komandan na Faransa yake zarginsu saboda Ingilishi suke ji. Ta kuma nuna yadda Kiristocin Hausawa suka karɓe ragamar cocinsu wajen lokacin ƴancin kai, da wahalar da aka sha wajen zaɓen kalmomin fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito da Hausa a 1932: ko a ce Isa yadda Musulmi suka sani, ko a ce Yesu don a bambanta. Ta buɗe littafin da tarzomar watan Nuwamba 2000 a Maraɗi, lokacin da masu adawa da bikin nunin tufafi na FIMA suka far wa coci da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Abin da ta gano shi ne masu tsanantawa na ɓangarorin biyu sun fi kama da juna fiye da yadda suke zato, a wa'azinsu ta rediyo da lasifika, da ƙyamar gargajiya, da sa ido kan mata. Musulmi zai ƙaru da littafin nan, Kirista ma haka, kuma kowannensu zai tarar da shafin da zai sosa masa rai. Littafinta na farko, Marriage in Maradi na 1997, ya bi tarihin aure da kulle da kayan ɗaki daga 1900 zuwa 1989, ya nuna yadda ƙarewar bauta ta mai da aikin bayi kan matan aure.

Siyasa

Zuwan Nasara wannan ƙasa da jini aka yi shi. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratso daga yamma yana ƙone garuruwa, ya yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni da Koran Kalgo, har Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsai da shi, a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su duka biyun a wajen Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, shi ne ya shahara, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara wa Sarauniyar Lugu abin da ruwaya ba ta faɗa ba, don haka a karanta shi don zuciya, a nemi tarihin a La Mission Afrique centrale na Muriel Mathieu, na 1995. Camille Lefebvre kuma, a Frontières de sable, frontières de papier na 2015, ta kawo hujjar da za ta ba masu cewa Bature ne kaɗai ya raba Hausawa mamaki: iyakar da Tilho ya kafa wa turaku ta bi, a wurare da yawa, tsohuwar iyakar gaba tsakanin Sakkwato da Gobir da Maraɗi, watau dajin nan da Barth ya ratsa. Abin da rabon ya haifar daga baya, William Miles ya auna shi a Hausaland Divided na 1994, inda ya kwatanta ƙauyuka biyu maƙwabta, Yekuwa a Nijar da Yardaji a Nijeriya.

Sai Sawaba, wadda aka yi shekaru ba a ambatar sunanta da ƙarfi. Djibo Bakary ya jagoranci gwamnatin farko ta cikin gida a 1957, ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kayar da shi da hannun gwamnan Faransa a ciki, aka haramta jam'iyyar a 1959. A 1964 mayaƙanta suka shigo ta iyakoki aka murƙushe su, aka cika gidajen kaso. Djibo ya ba da nasa labarin a Silence ! On décolonise, na 1992. Amma aikin da ya tattara komai shi ne na Klaas van Walraven, ɗan ƙasar Holan, The Yearning for Relief na 2013, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Le désir de calme. Ya kusa shafi 1000, kuma marubucin ya yi shekaru yana bin tsofaffin ƴan Sawaba gida gida kafin su ƙare. Ya nuna jam'iyyar ta direbobi ce da teloli da ƴan koli da ƙananan ma'aikata, ƙarfinta yana kan hanyar Maraɗi da Tasawa da Damagaram, tana kuma da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano. Yana tausaya wa Sawaba, ba ya ɓoyewa. Wanda gidansu na RDA ne zai ga an matsa wa Diori Hamani. Sai ya haɗa da Histoire du Niger na André Salifou, na 1989, ya auna da kansa. Masu son sanin inda kuɗi da siyasa suka haɗu kuwa, Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986, ya bi alhazan birni tun daga awon gujiya har cinikin ƙetare da Nijeriya da ya bunƙasa lokacin yaƙin Biyafara.

Mai karatu ya riga ya lura da matsalar. Cikin duk abin da aka lissafa, waɗanda ke akwai da Hausa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: Infaƙul Maisuri, labarin Dorugu, Shaihu Umar, labarin Baba, sai a ƙara da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya a farkon shekarun 1930. Dukansu daga ƙetaren iyaka ko ƙetaren teku suka fito. Sauran yawancinsu da Faransanci ne ko Ingilishi, da yawa an buga su a Paris ko Leiden ko Amurka, kuɗin guda ɗaya yakan fi na buhun hatsi. Dattawan Tsibiri da Gazawa ne suka ba da labarin da bakinsu, da Hausa, aka juya shi wani harshe, jikokinsu ba su iya karantawa.

A watan Maris 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. In ana son wannan ya wuce takarda, ga aiki a shirye. Cibiyar IRSH a Yamai tana ajiye da jerin Études nigériennes da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, cibiyar CELHTO tana da ruwayoyin baka da aka ɗauka, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da ɗaliban da Hausa ce harshen uwarsu. Ba sai an fara da littafi mai shafi 1000 ba. Abin da Barth ya rubuta kan Tasawa da Gazawa ƴan shafuka ne, haka wasiƙun Al-Kanemi da amsar Bello, haka jerin sarakunan Gobir na Landeroin, haka amsar Ahmad Baba ga mutanen Tuwat. Kowane ɗaya zai shiga ƙaramin littafi irin na zuba taki, da manyan baƙaƙe, a raba wa malaman ajin manya da majalisun gari da gidajen rediyon karkara. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda aka kafa bayan abin da ya faru a Toda, ita ma tana cikin abin da manomi da makiyayi ya kamata kowannensu ya riƙe kwafinta da harshen da yake ji kafin ranar da za su tsaya gaban kwamitin filaye.